Malali: Gari Ya Cinye Gona, Ina Manomin?

Wanda ya ratsa Malali a yau, ya wuce Kwalejin Gwamnatin Tarayya da gidajen Lokos da matatar ruwan da ke shayar da arewacin Kaduna, da wuya ya yarda cewa nan gonaki ne a da. Tun kafin Turawa su taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, Gbagyi ke zaune a bakin kogin Kaduna, suna noman doya da dawa. Gari ne ya zo ya same su.

A 1967 kamfanin Max Lock na Ingila ya fitar da babban tsarin Kaduna na shekara hamsin, ya ware wuraren masana'antu da unguwanni da tituna. Aiki ne na ƙwararru, babu shakka. Sai dai a idon mai zana taswira, gona fili ne da ke jiran gini. A wajen mai ita kuwa, ita ce abinci, ita ce gadon 'ya'ya, a gefenta aka binne kakanni.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce ta ƙarasa ɗaure manomi. Ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a. To, diyyar fa? Ana biyan kuɗin shuka da itatuwa da ginin da ke kai, ita ƙasar kanta ba a saye ta ba. Mutum ya karɓi kuɗin amfanin damina ɗaya da 'yan mangwaro, shi ke nan an sallame shi. Bayan 'yan shekaru a yanka gonar fuloti-fuloti, wanda aka bai wa da takardar mallaka ya sayar da miliyoyi, jikan mai gona kuma ya koma haya ko leburanci a wurin ginin. Wannan zalunci ne, ko da doka ta halatta shi.

Haka 'yan'uwansu Gbagyi suka gani a Abuja bayan 1976, haka aka sha takaddama kan fili a unguwar Gbagyi Villa ta Kaduna a 2016. Yanzu kuma gari ya tsallaka kogi zuwa Millennium City, inda ƙauyuka irin su Danhonu ke kallon ana dasa duwatsun awo a gonakinsu.

Babu wanda ya ce kada Kaduna ta bunƙasa. Asibiti da titi kowa na so. Abin da muke roƙon hukumomin tsara birni da filaye na jiha, KASUPDA da KADGIS, shi ne, kafin a zana layi, a zauna da masu gona, ba masu unguwa kaɗai ba, a ware musu fuloti a cikin sabon tsarin, a kuma ba su takardar mallaka da sunayensu.