DURA HARSASHI DA HANNU: YADDA AKE YI A AMURKA, DA ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA CE

Kowane maharbi ya san harsashi ya yi tsada. Haka kuma manomin da gyado ko birai suka addabi gonarsa ya san abin da yake kashewa kafin ya kai amfaninsa rumbu. Ana cikin wannan hali kuma sai ga hotuna suna yawo a wayoyin hannu, ana nuna maharban Amurka zaune a ɗakunansu, suna sake dura kwanson harsashin da aka riga aka harba, suna cewa ta haka suke rage kashe kuɗi. Wanda ya gani yana iya cewa, to, mu me zai hana mu yi?

Saboda amsa wannan tambaya aka buga wannan 'yar takarda. Za a bayyana yadda al'amarin yake a can, da abubuwan da ya dogara a kansu, sa'an nan a faɗi abin da dokar ƙasarmu ta ce, domin kada neman sauƙi ya jefa wani cikin asarar hannu, ko ido, ko rai, ko kuwa zaman kurkuku.

ABIN DA KE CIKIN HARSASHI

Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso na tagulla, wanda ya ƙunshi sauran. Akwai 'yar hula a gindinsa, wadda takan ba da wuta idan an ja kunamar bindiga. Akwai albarushi a ciki. Akwai kuma kan harsashin, watau dalmar da take fita ta sami dabba. Idan an harba, uku sun tafi ke nan, sai kwanso kaɗai ya rage. To, kwanson nan kuwa yawanci shi ne mafi tsada cikin huɗun, kuma idan bai tsage ba ana iya sake aiki da shi sau da yawa. Nan ne asalin ribar take.

YADDA ABIN YA SAMO ASALI A AMURKA

A Amurka farauta iri biyu ce ta fi jawo wannan sana'a. Ta farko ita ce ta dabbobin ɓarna, kamar wata 'yar dabba mai kama da kurege wadda ke haƙa ramuka a makiyaya, da wani irin dila mai kashe tumaki. Ta biyu ita ce farautar barewar ƙasarsu, musamman mai farar wutsiya, wadda ake yi a lokacin da hukumar kowace jiha ta ƙayyade, da lasin.

Mai harbin dabbobin ɓarna yana iya ƙarar da harsashi ɗaruruwa a yini guda, saboda haka rahusa kaɗan a kan kowane ɗaya takan taru ta zama kuɗi mai kauri. Mai farautar barewa kuwa, harsashi kaɗan yake harbawa a shekara. Idan ya lissafa kuɗin kayan aiki, zai daɗe bai mai da uwar kuɗinsa ba. Shi abin da yake nema shi ne harsashin da ya dace da bindigarsa, domin ya kashe dabba da harbi ɗaya, kada ta gudu da rauni.

Mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi bindiga ɗaya da za ta yi masa aiki biyu. Alal misali, harsashin da ake kira .243 Winchester, wanda ya fito a 1955, ana sa masa kai mara nauyi mai saurin tarwatsewa domin ƙananan dabbobi, a kuma sa masa mai nauyi wanda ke ratsa jiki domin barewa. Ƙarancin kaya ma ya taimaka wajen bunƙasar sana'ar. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da harsashin farauta ya yi wuya, wani mutum mai suna Fred Huntington ya fara ƙera kayan yin kan harsashi, daga nan kamfanin RCBS ya samo asali. A 1958 kuma Richard Lee ya fito da wasu 'yan kayan dura masu araha waɗanda talaka zai iya saye.

AWO SHI NE GINSHIƘIN AIKIN

Abin da hotunan waya ba su cika nunawa ba shi ne yawan awo da gwaji da ke bayan wannan aiki. Ma'aunin da suke auna albarushi da shi sunansa giren. Giren 7,000 ne ke cikin laba ɗaya, giram ɗaya kuwa ya ɗara giren 15 kaɗan. Sikelin mai dura harsashi yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren, watau sai an raba giram guda fiye da kashi 150 kafin a sami wannan ɗan awo. Ba aikin ƙiyasi da ido ba ne, ba kuma na cokali ko tafin hannu ba.

Dalilin wannan tsanani shi ne ƙarfin da ke taruwa cikin bindiga lokacin harbi. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota tana matsa kowane inci murabba'i da nauyin laba 30 ko ɗan fiye. A cikin bindigar da ke harba harsashin .308 Winchester, wanda ake farautar barewa da shi, matsin da aka yarda ya kai shi ne laba 62,000. Ko bindigar harbin tsuntsaye mai lamba 12, iyakarta laba 11,500 ne. Wata ƙungiya ta masu masana'antun bindiga da harsashi, mai suna SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ce ke tsayar da waɗannan iyakoki a Amurka. Kamfanonin albarushi kuma suna da ɗakunan gwaji, suna buga littattafai masu nuna mafi ƙarancin awo da mafi yawansa ga kowane irin albarushi da kowane nauyin kan harsashi. Albarushin zamani iri-iri ne da yawa, wani na saurin cin wuta, wani a hankali, kuma sau da yawa ido ba ya iya rarrabe su. Wanda ya zuba mai sauri a inda ake son mai jinkiri, bindigarsa ta zama bam a hannunsa.

Har wa yau, a can ma doka tana da iyaka. A Amurka an yarda mutum ya dura domin amfanin kansa, amma wanda zai mai da abin sana'a yana sayarwa sai da lasin gwamnatin tarayya. A Jamus kuwa, ba a ba mutum albarushi sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya karɓi izni.

BINDIGAR TOKA DA ALBARUSHIN ZAMANI

Wani zai ce, ai maharbanmu sun gaji dura bindiga da hannu tun kaka da kakanni. Gaskiya ne. Mai harba-ka-ruga yakan zuba albarushi ta baki, ya danna, ya bi da dalma. Amma albarushin da aka san ta da shi baƙi ne mai hayaƙi, na dā. Albarushi mara hayaƙi, wanda wani masani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙago a 1884, shi ne ke cikin harsashin zamani, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin. Ko a Amurka, inda ake ƙera bindigogin da ake durawa ta baki da ƙarfe mai kyau a masana'anta, akan buga gargaɗi a jikin bututun cewa baƙin albarushi kaɗai za a zuba. To, ina ga bindigar da maƙeri ya haɗa da bututun da ba a taɓa gwada ƙarfinsa ba?

Saboda haka wanda ya fasa harsashi ya juye albarushinsa cikin bindigar toka, ko ya gauraya iri biyu, ko ya sayi wani gari a kasuwa bai san asalinsa ba, ya sani yana caca ne da ransa. Idan bututu ya fashe, hannun hagu da ke riƙe da shi da fuskar da ke jingine kusa su ne farkon abin da ƙarfe zai samu. Masu iya magana sun ce, garin neman ƙiba akan samo rama.

Haka nan wanda ya tsinci kwanson bindiga mai baki biyu ya sake cusa masa albarushi. Ba shi da sikeli, ba shi da littafin awo, bai san sau nawa aka harba kwanson ba. Idan awon ya yi yawa, bindiga ta fashe. Idan ya yi kaɗan, abin da aka dura ya maƙale cikin bututu, harbi na biyu ya tarar da hanya a toshe, nan ma ta fashe.

Akwai kuma wata cuta da ba ta ƙara, ita ce gubar dalma. Masu narka dalmar tsohon batir a tsakar gida domin yin harsashi suna baza ƙurarta da tururinta inda yara ke wasa. Jama'a ba su manta ba da abin da ya auku a Jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Dalmar batir da ta dutse guba ɗaya ce. Saboda illarta ga namun daji ne ma Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun daga Yuli 2019.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda aka haramta, kamar bindigogin soja da fistol, ba mai riƙe su sai da lasin Shugaban Ƙasa. A lura, awon bakin bindigar .308 da aka ambata ɗazu milimita 7.62 ne, kuma wannan awo yana cikin waɗanda doka ta lissafa a jerin bindigogin soja. Kashi na biyu su ne irin su bindigar harbin tsuntsaye da sauran na farauta, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake durawa ta baki, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wanda yake da ikon hana riƙe su ba tare da lasin ba.

Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta a kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A 2023 Rundunar 'Yan Sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin, saboda haka mai bukata ya fara zuwa ofishinsu ya ji halin da ake ciki.

Game da harsashi kuwa, dokar ba ta bar wata kafa ba. Ta hana ƙerawa ko haɗa harsashi a ko'ina, sai a wuraren da hukuma ta keɓe domin wannan aiki. Tun 1964 Gwamnatin Tarayya ta kafa masana'antar kayan tsaro a Kaduna. Wanda aka kama yana haɗa harsashi a gida, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Riƙe harsashi ma ba tare da lasin ba laifi ne. Abin da ya halatta ga maharbi a Amurka, a nan babban laifi ne, kuma faɗin “ban sani ba” ba ya kuɓutar da kowa a gaban alƙali.

Ba don a ƙuntata wa maharba aka yi haka ba. Harsashin da aka haɗa a ɓoye ba shi da lissafi, kuma hannun da ya sayar wa maharbi yau shi ne zai sayar wa ɗan fashi gobe.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Manomi da maharbi masu son tsimi, ga hanyoyin da ba su saɓa wa doka ba:

1. A fara da tsaron gona kafin a kai ga bindiga. A yi shinge, a share ciyawar gefen gona inda gyazbi da gafiya ke ɓuya, a kafa tarko, maƙwabta su riƙa gadi bi da bi idan amfani ya kusa nuna.

2. Idan manyan namun daji ne suka shigo, kamar giwayen da kan fito daga Yankari a Jihar Bauci, kada a harba. A gaggauta sanar da mai unguwa ko dagaci, da ma'aikatan gandun daji. Dokar 1985 ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa, kuma an hana farauta cikin gandayen namun daji.

3. Mai lasin ya sayi harsashi wurin dillalin da hukuma ta yi wa rajista kaɗai. Tsimin gaskiya shi ne ya matsa kusa, ya tabbatar da abin da yake gani, ya yi harbi ɗaya. Kada a harbi motsin ciyawa, ko ƙyallin ido da dare, domin watakila makiyayi ne ko dabbarsa.

4. Mai bindigar toka da hukuma ta yarje masa ya tabbata babu komai a ciki kafin ya dura, kada ya dura sau biyu. Ya duba ko laka ta toshe bakin. Idan ya ja kunama ba ta tashi ba, ya bar bakin yana duban inda babu kowa, ya dakata, kada ya leƙa ciki.

5. A ajiye albarushi nesa da murhu, da fitila, da taba. A sauke duri kafin a shigo gari. A kulle bindiga dabam, harsashi dabam, inda yara ba za su kai ba.

6. Wanda yake da bindiga ko harsashi ba bisa ƙa'ida ba, ko ya san inda ake haɗa su, ya sanar da 'yan sanda, ko ya bi ta hannun hakiminsa.

Ana roƙon sarakunan baka, da shugabannin ƙungiyoyin maharba, da malaman gona, da limamai, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan takarda, su kuma bayyana musu abin da ta ƙunsa. Kuɗin harsashi ana iya nemansa a samu, amma hannun da bindiga ta cire ba ya komowa. Rigakafi ya fi magani.