Sankarar Merkel: Ƙarin Da Ba Ya Ciwo

Hausawa kan ce duk ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Haka abin yake game da wata sankarar fata da ake kira sankarar Merkel, wadda ba a cika samunta ba, amma tana yaɗuwa da gaggawa.

Sunan ya samo asali ne daga Friedrich Merkel, wani masani Bajamushe, wanda a 1875 ya bayyana wasu ƙwayoyin halitta na cikin fata masu haɗe da jijiyoyi, waɗanda ke taimaka mana jin taɓi. A 1972 ne likita Cyril Toker ya fara siffanta cutar. Ana kiranta da sunan Merkel saboda ƙwayoyinta sun yi kama da waɗancan.

Wahalar gane ta ita ce ba ta ciwo. Takan fito a matsayin ƙari mai tauri, ja ko shunayya, galibi a fuska ko wuya ko hannu, sai a ɗauka maruru ne. Likita kan yi zarginta idan ƙarin na girma cikin makonni, musamman ga wanda ya haura shekara 50, ko mai raunin garkuwar jiki saboda ƙanjamau ko dashen ƙoda. Ta fi kama fararen fata da suka daɗe suna shan rana, amma baƙar fata ma ba su tsira ba.

Ido kaɗai ba ya tabbatar da ita. Sai an yanko ɗan naman an duba da madubin likita. A nan ma akwai ruɗani, domin ƙwayoyinta ƙanana ne, kamar na wata sankarar huhu da kan watsu zuwa fata. Saboda haka ake rina naman da sinadarai na musamman. Idan furotin CK20 ya bayyana kamar ɗigo kusa da cibiyar ƙwaya, TTF-1 kuma bai bayyana ba, to alamu sun nuna Merkel ce. Daga nan sai a binciki kaluluwa mafi kusa, a kuma ɗauki hoton jiki don sanin inda ta kai.

A 2008 masana a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka gano wata ƙwayar bairos a cikin kimanin kashi 80 cikin 100 na irin wannan ƙari. A 2017 Amurka ta amince da maganin avelumab, mai zaburar da garkuwar jiki. Duk da haka, gano cutar da wuri shi ne babban abin da ke ceton rai. Don haka duk ƙarin da ke girma da sauri, ko ba ya ciwo, a kai shi asibiti.