Abin Da Ke Sa Tsohuwar Lori Ta Yi Zafi Da Hunturu

Kowa ya san mota takan yi zafi da bazara, ba wanda zai yi mamakin wannan. Amma abin da kan rikitar da direbobi masu bin hanyar Kwantagora zuwa Yelwa, su wuce Koko har Jega, shi ne lori ta tafasa ruwa da tsakiyar hunturu, sa'ad da mutane ke rawar ɗari. Abin haushin kuwa ba kullum ta ke yi ba. Yau ta yi, gobe lafiya lau, in an kai ta wurin makaniki sai ta ƙi nuna kome. Ga shi lokacin nan ne kaya ke da yawa a ƙasar Yawuri: shinkafa, da albasa, da kifin da a ke kamawa a tafkin Kainji tun da aka tare Kwara cikin 1968. Lori ta kwana biyu a daji da kifi, ai an yi hasara. Don haka muka ga ya kamata mu tattauna al'amarin, da ya ke da yawa cikinmu za a tura su koyarwa garuruwan da mota ɗaya ce hanyarsu ta zuwa kasuwa.

Da fari sai mu san inda zafin ke fitowa. In mai ya ƙone cikin inji, wajen sulusi kaɗai ke zama ƙarfin da ke tura mota. Sulusi na bin hayaƙi ya fita ta salansa, sauran sulusin kuwa ruwa ne ke ɗauke shi. Akwai famfo mai tura ruwan ya zaga jikin inji, ya bi tiyo na sama ya shiga lagireto, iska ta fifita shi, ya komo ta tiyo na ƙasa. Fambel shi ke juya famfon da fanka gaba ɗaya. A bakin tiyo na sama kuma akwai wata 'yar ƙofa mai buɗe kanta, makanikai na ce mata tamostat. Tana rufe har ruwa ya kai wajen digiri 80, sa'an nan ta buɗe. Murfin lagireto ma ba murfi ba ne kawai. Yana danne tururi, don haka ruwan da zai tafasa a digiri 100 cikin tukunya, a nan sai ya haura 110 bai tafasa ba.

To, me hunturu ya ƙara? Abu uku. Na ɗaya ƙura. Iskar nan da ke busowa daga Sahara, tun daga watan Nuwamba har Fabrairu, tana tafe da ƙura mai laushi kamar gari. Ga ƙaiƙayin sussuka, ga tokar ƙunar daji. Duk sai su liƙe tsakanin haƙoran lagireto, balle in akwai maiƙo a jikinsa, iska ta rasa hanya. Na biyu, sanyin da safe ne da dare kaɗai. Da azahar rana tana nan da zafinta, yakan wuce digiri 30. Direban da ya rufe gaban mota da buhu da asuba don inji ya yi saurin ɗumi, in ya manta bai cire ba, kafin hantsi ya ɗaga ya ga aiki. Na uku, tsohon ƙarfe da tsohuwar roba ba su son sanyi da zafi suna musaya a kansu kullum. Bakin tiyo yakan saki da dare, ruwa ya yi ta ɗiga kaɗan kaɗan, da rana ya kame, ba wanda ya gani.

Ciwon da ke zuwa ya koma tamkar masassara ya ke. Malamin asibiti ba ya fara ba da magani sai ya tambaya, yaushe ta ke kama ka? Haka nan mu ma tambayarmu ta fari ita ce, a wane hali motar ke yin zafi?

In tana yi sa'ad da ta ke tsaye inji na aiki, ko tana tafiya sannu cikin kasuwa, amma da ta hau hanya ta miƙe sai ta huce, to, laifin na iska ne. A duba fambel: a danna tsakiyarsa da babban yatsa, in ya lotsa fiye da rabin inci ya yi sako-sako. Wanda ya tsufa yakan yi sheƙi, ya riƙa zamewa yana ƙara da safe. A duba fanka, a kuma haska fitila ta bayan lagireto a ga ko haske na ratsawa.

In kuwa sai ta ɗauki kaya ta yi gudu, ko ta kama hawa, sa'an nan ta yi zafi, laifin na gudun ruwa ne. Ko dai cikin lagireto ya toshe, ko tiyo na ƙasa ya yi laushi yana shafewa in famfo ya ja da ƙarfi, ko fikafikan famfon sun cinye. A kashe inji, a shafa fuskar lagireto da hankali. In wani wuri na da zafi wani da sanyi, mai sanyin nan ya toshe. A nan ya kamata mu tuna irin ruwan da a ke zubawa. Ruwan Kwara iri biyu ne a shekara. Na damina fari ne, cike da laka. Wanda ke isowa da hunturu daga can ƙasar Mali, bayan ya baro lakarsa a fadamun da ya ratsa, ya fi tsabta. Lakar da ƙaren mota ya ɗebo cikin watan Satumba, ita ce ta kwanta cikin lagireto ta ke ba da wahala cikin Janairu. Ruwan wata rijiya kuma yakan bar farin ɓawo kamar na cikin buta.

In ko zafin na zuwa ne ba da daɗewa da tashi ba, ba kaya, ba hawa, wata rana ya zo wata rana ya ƙi, lalle a tuhumi tamostat. Alamarta ita ce inji ya yi zafi ƙwarai amma tiyo na sama na nan da sanyi-sanyi, watau ƙofa ta maƙale. Gwajinta ba wuya: a cire ta a sa cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya za ta buɗe tun ruwa bai tafasa ba. Makanikai da yawa kan jefar da ita su ce ai ta ƙasar Turai ce. Wannan ba daidai ba ne. Injin da ba ya kai ɗuminsa da safe yana shan mai, yana kuma saurin cinyewa. A wasu injuna ma, in babu ita, wani ruwan kan bi gajeriyar hanya ya koma inji bai shiga lagireto ba. Sabuwa a ke sawa.

Akwai kuma wanda ya fi duka muni, watau gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya ƙone. Da fari ba ya nunawa sai an matsa wa mota. A buɗe murfi da safe inji na sanyi, a tayar, a duba. In kumfa na ta tasowa ba fasawa, hayaƙi ne ke shiga ruwa. In baƙin mai ya koma kamar koko, ruwa ne ke shiga mai. Amma fa kada farin tururin salansa da sanyin asuba ya firgita kowa. Wanda ya ɓace bayan inji ya yi ɗumi ba kome ba ne, wanda ya ƙi ɓacewa shi ne abin tsoro. In duk an duba ba a sami kome ba, ruwa kuwa yana raguwa, a canja murfi, gama shi ya fi kome arha. In allurar awo na tsalle sama da ƙasa farat ɗaya, a duba wayarta, ko kuma ruwa ya yi ƙasa iska ta shiga.

Saura gargaɗi biyu, waɗanda mu ke roƙon kowane malami ya faɗa wa yaransa. Kada a buɗe murfin lagireto mota na tafasa, don da an saki tururin da ke danne, ruwan kan yi tsalle ya saɓule fuska da hannu. Kada kuma a sheƙa ruwan sanyi cikin injin da ya yi zafi, kan inji na iya tsagewa, gyaran sule ya koma na fam. A jira ya huce, sa'an nan a zuba kaɗan kaɗan inji na aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu da za mu koyar da darasin zafi da tafasar ruwa, ga abin misali a bakin tasha. A roƙi direba ya buɗe wa yara gaban motarsa da safe, su bi hanyar ruwan da yatsa, su faɗi da kansu inda zai iya tsayawa. Gani ya kori ji.