Jemagen Teku: Jirgin da Ake Tuƙawa Daga Cikin Ɗaki

(Sautin iska da igiyar ruwa)

 Yau shirin namu ya leƙa tekun Baltik, kusa da birnin Turku na ƙasar Finland, inda ko a tsakiyar bazara iska kan ratsa mutum har ƙashi.

Ga wani jirgi nan tafe, tsawonsa kamar mita 10. Ruwan sama na dukan gilashinsa, amma matuƙin na zaune a cikin ɗaki, hannu ɗaya kan sitiyari, ɗayan riƙe da kofin shayi, na'urar ɗumama ɗaki na aiki. A samansa filafilai sun cika da iska, ƙarƙashin ƙafarsa kuma injin dizal na gurnani a hankali.

Wannan shi ne Nauticat 33, wanda aka fara ƙerawa a Finland tun shekarun 1960. Ingila ma tana da irinsa, Fisher, mai siffar jiragen masuntan Tekun Arewa.

Masu tsere da iska zalla na yi wa irin wannan jirgi kallon jemage: shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Kuma suna da hujja, don taura biyu ba ta taunuwa. Jikinsa na da nauyi, ɗakin na tare iska, idan aka fuskanci inda take kaɗowa sai an tada inji. Wanda ke ciki ba ya jin juyawar iska a kuncinsa. Da dare fitila ɗaya kan mayar da gilashin madubi, dole a kashe ta. Shi ya sa da yawa daga irin waɗannan jirage ke da sitiyari na biyu a waje, musamman don shiga tasha. Ga kuma ɗawainiya biyu: gyaran inji da ɗinkin filafilai.

To me mai shi ya saya? Kwanaki. Lokacin da sanyi ya kori maƙwabtansa suka ɗaure jirage, shi yana kan ruwa tare da iyalinsa. A mashigin Kiel na Jamus kuwa, mai tsawon kilomita 98, inda doka ta ce sai da inji, kowa jemage yake komawa.

Nan za mu dasa aya. A huta lafiya.