Idan Jar Fitilar Baƙin Mai Ta Kama

A cikin fitilun da ke gaban direba akwai wata ja mai siffar buta da ɗigo a bakinta. Direbobi da yawa sun ɗauka tana nufin baƙin mai ya yi ƙasa, sai su ce bari a ƙarasa gida tukuna. Abin da take faɗa shi ne man ba ya hawa da ƙarfin da zai ratsa tsakanin ƙarafan inji. Injin da ke juyi a haka yana iya bugawa cikin 'yan mintuna, musamman a tsofaffin motocinmu irin su Peugeot 504 da Golf da Corolla.

Da zarar ta kama kana tafe, ka gangara gefe ka kashe motar nan take. Ka ba ta kamar minti biyar a shimfiɗaɗɗen wuri man ya koma kasko, sannan ka zaro geji, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Tsakanin alamomin nan biyu na jikinsa kusan lita ɗaya ce a yawancin ƙananan motoci. In ya yi ƙasa ka cika, ka leƙa ƙarƙashi ko yana yoyo. Ka kuma dubi man da kyau: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, in ya tsinke yana warin fetur, ya tashi daga aiki. Idan ka cika, ka tayar, fitilar ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙu ba, kashe, a jawo motar zuwa gareji. Kuɗin janwe bai kama ƙafar kuɗin inji ba.

Lokacin da take kamawa ma yana da labari, don haka ka riƙe shi ka faɗa wa bakanike. Wadda ke ƙyaftawa a kwana ko wajen taka birki, galibi ƙarancin mai ne. Wadda ke kamawa a sulo bayan inji ya yi zafi, ta mutu in an taka totur, tana nuna ko mital ya cinye, ko famfon mai ya gaji, ko kuwa man ne marar kauri, irin jabun da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Wani lokaci dauɗar tsohon mai ce ta toshe rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta. In ana jin ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji, kada a sake tayarwa.

Sau da yawa kuma laifin na ɗan suwic ɗin da ke kunna fitilar ne, wanda ke jikin inji, ko wayarsa ta goge tana taɓa bodi. Sai dai ba a gane wannan da ka. Bakaniken kirki zai kwance suwic ɗin, ya ɗaura agogon gwaji a gurbinsa, ya auna bayan inji ya ɗau zafi. Ƙiyasin da aka saba da shi shi ne ƙarfin mai ya kai kimanin psi 10 ga kowane juyi 1,000 a minti, amma kowace mota da nata adadin. Yawancin suwic ba sa kunna fitilar sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da psi 5 zuwa 7, ka ga ke nan kafin ta yi magana an riga an kai maƙura.

Akwai masu cewa, “Alhaji, ai fitilar ce kawai, bari mu cire wayar.” Kada ka yarda. Zuba mai kauri irin 20W-50 yana iya kashe ta na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Wasu masu sayar da mota ma har ƙwan suke zarewa. In za ka sayi ta hannu, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, a duba ƙwan da wayar kafin a yi maganar kuɗi.