Abin da ya sa 'albarka' ke nufin a'a a bakin ɗan kasuwa

A ko'ina aka ambaci albarka, alheri ake nufi, ban da kasuwa. A Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano, idan mai saye ya taya shadda mai kaya ya ce "albarka", to ya ƙi tayin ke nan, sai dai ya lulluɓe ƙin da addu'a.

Dalilin ba boyayye ba ne. Bahaushe yana ƙyamar ce wa mutum a'a ido da ido, musamman wanda ya tako da kuɗi a aljihu. Kalmar tana mayar da tayi ba tare da ta kori mai tayin ba, kuma wanda aka raina wa tayi yau, gobe rumfar maƙwabci zai tsaya. Birnin da Kasuwar Kurmi ke ci a cikinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ya samu isasshen lokacin goge irin wannan lafazi.

Cinikin kansa yana da matakai da kowa ya sani, kowa kuma yake yi kamar bai sani ba. Mai kaya zai faɗi kuɗin da shi ma bai sa ran samu ba. Mai saye zai riƙe baki, ya juya kayan, ya gano musu aibin da babu shi, sannan ya taya rabi. Daga nan sai a ji cewa tayin ko uwar kuɗi bai kai ba. Sai kuma tafiyar ƙarya: mai saye ya juya zai wuce, amma a hankali, kunnensa na baya yana jiran "Alhaji, dawo". Alhajin nan ba lallai ya taɓa ganin Jidda ba; a kasuwa duk mai tsabtatacciyar riga ya sauke farali.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa shan wahalar wannan wasa. Takalminsa da katin da ke rataye a wuyansa sun riga shi magana, kuma 'yan kasuwa sun fi shi sanin ranar da albashi ke shiga. Shi ya sa wasu ke bari sai Asabar, su sa tsohuwar riga, su ajiye mota nesa da rumfa.

Wasa yana ƙarewa ne da kalma guda: "na sallama". Da zarar mai kaya ya furta ta a kan tayin mutum, janyewa ta zama abin kunya, domin tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan ba al'ada kaɗai ba ce. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin ƙasar Hausa ke bi, ciniki yana ƙulluwa da zarar ɓangarorin biyu sun furta yarda, ba sai sun rabu daga wurin ba. Shari'a ta kuma hana mutum shiga cinikin ɗan'uwansa bayan an daidaita, ta hana tayin ƙarya don a ɗaga wa wani farashi, abin da masu zuwa kara sayen ragon layya suka san ba a daina ba.

Abin mamakin shi ne, ba wanda aka ja wa rai ne ke komawa gida da ɓacin rai ba. Wanda ya yi rabin sa'a ana ce masa albarka, har aka rage masa Naira 500 aka ɗora masa gyara, zai ba da labarin nasararsa har dare. Wanda kuwa ya taya sau ɗaya aka ce "kawo kuɗin", shi ne zai kwana yana lissafin nawa aka ci a kansa, ko da ya saya ƙasa da na farkon.