Ranar da Benen Achimota Ya Rufta

Ranar Laraba 7 ga Nuwamba 2012, da hantsi, ma'aikatan kantin Melcom na Achimota a birnin Akra sun hallara suna shirin buɗe ƙofa ga masu sayayya. Kafin a ankara, benen mai hawa shida ya durƙushe, hawa bisa hawa, ya danne duk wanda ke ciki. Ƙura ta turnuƙe unguwar. Da ta lafa, ba abin da ake gani sai tulin kankare da rodi a murɗe, kuma daga ƙarƙashinsa ana jin muryoyin mutane suna neman agaji.

Waɗanda suka fara isa wurin maƙwabta ne da masu wucewa. Da hannu suka kama tono, wasu da shebur, wasu da diga da guduma. Nan da nan 'yan kwana-kwana na Gana suka iso, ga sojoji, ga 'yan sanda, ga ma'aikatan NADMO, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa. Saura wata ɗaya cif a yi zaɓen 7 ga Disamba, amma Shugaba John Mahama ya dakatar da kamfe ya garzayo wurin.

A sa'o'in farko an zaƙulo mutane da dama, musamman waɗanda ke kusa da sama ko gefen ginin. Daga nan aiki ya yi tsauri. Sauran suna can ciki, cikin 'yan ramukan da suka rage tsakanin dakalin wani hawa da na wani. Irin wannan wuri ƙarfi kaɗai ba ya fid da mutum. Idan aka sa katafila ta yayibi ɓaraguzai da garaje, falalen da ya tokare a kan wani mai sauran numfashi zai iya zamewa ya ƙarasa shi. Sai an fara sanin inda mai rai yake, sannan a san ta inda za a bi a kai gare shi.

Washegari tawagar ƙwararru 18 ta sauka daga Isra'ila, da karnuka masu sunsuno mutane da na'urorin gano masu rai a ƙarƙashin gini. Aikin irin waɗannan ƙwararru yana da tsari. Sai a ba da umarni a kashe duk injuna, dubban jama'a su yi tsit, a kafa na'urar sauraro a jikin kankare ko za a ji ƙwanƙwasa ko nishi. Kare ya hau tulin yana shinshina, inda ya tsaya yana haushi a sa alama. A huda ƙaramin rami a zura kyamara. In an ga mutum, a tokare wurin da katako da ƙarfe don kada ya ƙara ruftawa, a yanke rodi ɗaya bayan ɗaya, a miƙa masa ruwa yayin da ake buɗa hanya. Ceton mutum guda kan ci sa'o'i masu yawa, kuma mai ceton yana kwance rub da ciki a ƙarƙashin abin da zai iya danne shi shi ma.

Haka aka kwana ana yi, aka wuni ana yi, iyalai na tsaye bayan igiyar 'yan sanda suna jiran a kira sunan nasu. Da aka rufe bincike bayan kwanaki, an fitar da fiye da mutum 60 da ransu, mutum 14 kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Daga baya hukumomi suka bayyana cewa ginin ba shi da takardar izini, injiniyoyi kuma suka ce kankaren da aka zuba bai kai ƙarfin da ya kamata ba.

'Yan kwana-kwanan Gana da sojojinta sun nuna jarumta, wannan ba tantama. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan aiki na musamman a kusa, har sai da aka jira jirgi ya taso daga wata nahiya, alhali a babban birnin ƙasa abin ya faru. Wanda gini ya danne kuwa, jini na zuba, ƙishirwa na cinsa, kowace sa'a tana rage masa rabo. A Oktoban 2020 wani coci ya rufta a Akyem Batabi, mutum 22 suka rasu, wanda ya nuna cewa masifar ba ta tsaya a Akra ba.

Mu da ke Suame da zangon Kumasi, wannan labari namu ne. Tsakaninmu da Akra kusan kilomita 250 ne, ga benaye suna ta tashi kullum, ana ɗora hawa a kan tsohon tushe. Amma muna da arzikin da ba kowane gari ke da shi ba. Magazine, unguwar masu gyaran motoci ta Suame, cike yake da masu walda da suka iya yanka ƙarfe da wutar gas, da makanikai masu manyan jak, da direbobin motocin ɗaga kaya masu nauyi. Ya kamata hukumar kashe gobara ta yankin Ashanti ta samu cikakkiyar tawagar ceto da kayanta a Kumasi, ta kuma rubuta sunayen waɗannan masu sana'a, ta horar da su yadda za su yi aiki ƙarƙashin umarninta, don taimakon da ba shi da tsari kan zama ɓarna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sarakunan zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin Magazine su ne ya dace su kai wannan buƙata gaban hukuma, kuma su riƙa tambayar duk mai ƙara hawa a unguwa ina takardar izininsa.